Sabon inji, tsohuwar waya: Abin da ke kashe a-kori-kura a hanyar Tebaram

A watannin Afrilu da Mayu, kafin ruwan farko ya sauka a arewacin Adar, zafin rana a Tahoua kan haura digiri 40 kusan kullum. A lokacin ne a-kori-kura ke shan baƙar wahala. Wadda ta tashi daga Tahoua zuwa Tebaram, a kan hanyar da ke wucewa Sanam har Filinge, ba ta tafiya wayam: buhunan gero da shinkafa a ƙasa, jarkoki a gefe, tumaki a ɗaure, fasinjoji a sama kowa ya ƙanƙame abin da ya samu. Da ta bar babbar hanya ta nufi ƙauyuka da rugage, sai rairayi. Direba na giya ta ɗaya ko ta biyu, inji na kuka, amma iska ba ta shiga lagireto, domin motar ba gudu take yi ba.

A irin wannan wuri ran inji yana hannun fanka ne. A motoci da dama da aka canza wa inji kuwa, ita fankar tana rataye ne da wata 'yar siririyar waya da aka murɗa da hannu, aka naɗe da salatif, a ranar ƙarshe ta aiki bayan kuɗi sun ƙare.

Jiki na nan, inji ya gaji

Canza inji ba sabon abu ba ne a garejojin Tahoua. Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, da Land Cruiser samfurin 70 da ya fito a 1984, motoci ne da gangar jikinsu kan binne inji biyu ko uku tana nan daram. Tsofaffin injinan gazuwal irin su 2L da 3L da 5L, da kuma 1HZ mai silinda shida na Land Cruiser, makanikai sun san su ciki da bai, kuma asalinsu ba sa buƙatar kwamfuta kafin su tashi. Waɗanda suka biyo baya, 2KD da 1KD, sun fi ƙarfi da tsimin mai, sai dai allurar mansu ba ta jure gurɓataccen gazuwal, gyaranta kuma sai mai hali.

Idan irin wannan inji ya buga, mai mota kan tsaya tsakanin zaɓi uku: ya nemo irinsa na hannu, ya koma tsohon yayi irin 5L, ko ya sa na fetur kamar 3RZ ko 2TR. Farashin mai ma na da baki a maganar. A watan Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta mayar da litar fetur sefa 499, ta gazuwal kuma 618, wato a nan fetur ne mai araha, kodayake injinsa ya fi sha.

Injinan na hannu na fitowa ne daga Turai da Japan da Sharjah ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A da tashar jiragen ruwan Kwatano ce babbar ƙofa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar Benin, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da tsada. Wasu kuma ta Najeriya suke shigowa, daga kasuwar Ladipo ta Legas ko Ƙofar Ruwa ta Kano, su bi Sakkwato da Illela su tsallako Konni.

Ko ta ina ya biyo, injin kan iso da wayoyinsa a guntule. Wanda ya cire shi a can ba shi da lokacin kwance soket ɗaya bayan ɗaya, almakashin ƙarfe yake sa wa. Wanda ya yi sa'a shi ne ya sayi rabin mota, wato gaban motar da aka yanke da injinsa da ƙwaƙwalwarsa da wayarinsa cif. Shi ma da sauran rina a kaba. Motocin Japan sitiyarinsu a dama yake, na Nijar a hagu, don haka damin wayoyin kan shiga ta ɓangaren da bai dace ba, sai an ƙara masa tsawo. Akwai kuma Land Cruiser na gazuwal da aka yi wa kasuwar Japan masu amfani da wuta bolt 24, alhali motar da za a sa wa injin bolt 12 ce.

A nan ne batun 'yan ci-rani ya shigo. Adar ƙasar tafiya nema ce, kuma motoci da yawa da ke jigilar kasuwannin yankin guminsu daga Abijan ko Libiya ko Legas ya fito. Wan yana can yana aiko kuɗi ta Nita ko Al Izza, ƙanen yana nan yana tuƙi. Idan aka zo canza inji, kuɗin injin ake ta ciniki a kai, sai na makanike. Mai wayarin shi ake kira a ƙarshe, bayan inji ya riga ya tashi an ɗauki bidiyonsa an aika ta WhatsApp, kowa ya yi hamdala. Abin da ya rage a aljihu shi ake ba shi, shi kuma ya yi aiki daidai kuɗin.

Fankar da aka cire

Hilux da Land Cruiser na asali da fankar inji suke zuwa, wadda fambel ke juyawa. A tsakiyarta akwai wani ƙarfe mai ɗauke da mai na musamman. In iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi, sai ya kama, fankar ta ja iska da ƙarfi har a ji rurinta. In ta huce, ya saki. Ba waya, ba makunni, ba abin da direba zai manta.

Da an sa wani inji daban, fankar kan sauka a inda ba nan ne mazauninta ba: ko ta matso tana neman taɓa lagireto, ko ta kauce daga tsakiyar robar nan da ke kewaye da ita. Mafita mai sauƙi ita ce a yar da robar, ko a cire fankar gaba ɗaya a ɗaura ta lantarki da aka ciro daga wata ƙaramar mota. Duka biyun akwai asara. Robar ce ke tilasta wa iska bi ta cikin lagireto maimakon ta zagaye shi. Fankar ƙaramar motar birni kuwa ba a yi ta don a-kori-kura mai lodi a cikin rairayi ba. Inda duk za a iya barin fankar inji da robarta, ko da sai an matsar da lagireto an sake masa ƙafafu, barin ya fi.

Inda ba yadda za a yi sai ta lantarki, a nan ake gane gwani. Irin wannan fanka kan ja amfiya 10 zuwa 20 tana cikin juyawa, a lokacin tashi kuma ta ninka haka. Wannan wuta ce mai yawa. Yadda ya kamata shi ne a ɗauko ta kai-tsaye daga batir da waya mai kauri, milimita 2.5 ko 4, a sa mata fis na amfiya 30 ko 40 dab da batirin, sannan ta bi ta rile, wato ɗan baƙin akwatin nan mai ƙafa huɗu da aka rubuta wa 30 da 85 da 86 da 87. Babbar wuta na shiga ta 30 ta fita ta 87 zuwa fanka. Ƙafafu biyun da suka rage 'yar ƙaramar wuta ce ke bi ta cikinsu don ba da umarni. Mai ba da umarnin kuma shi ne makunnin zafi da ake ɗaurawa a jikin lagireto ko a bututun ruwa, wanda ke kunna fankar da kansa in ruwan ya haura digiri 90, ya kashe ta in ya sauko.

Rile da fis da makunnin zafi, in aka haɗa kuɗinsu, ba su kai ko kusa da na taya ɗaya ba. Duk da haka su ake fara tsallakewa.

Hanya ta farko ta tsallake su ita ce a haɗa fankar da makullin mota, da an murɗa ta tashi. Mai mota kan ji daɗi, don yana jin ƙararta kullum. Abin da bai sani ba shi ne wutar fankar duka ta cikin makullin take bi, kuma ba a yi shi don wannan nauyin ba. Sannu a hankali ya yi zafi, robarsa ta narke, wata rana a ga hayaƙi na fitowa ta ƙarƙashin sitiyari. Wannan haɗin ne kuma ke jawo abin nan da kan ba direbobi mamaki: an kashe mota an zare makulli amma inji ya ci gaba da aiki na ɗan lokaci. Ba aljanu ba ne. Fankar da ba ta gama tsayawa ba ce ta koma janareta, tana mayar da wuta baya.

Hanya ta biyu ita ce a kafa makunni a gaban direba, a ce ya riƙa dannawa in ya ga allura ta hau. Wannan ya dogara ne da cewa mutum ba zai taɓa mantuwa ba, kuma ba zai taɓa ba wani aron motar ba. Ya kuma dogara da allurar, wadda ita kanta bayan canjin inji ba abar amincewa ba ce. Ma'aunin zafin da ya zo a jikin sabon injin ba lallai ya yi daidai da agogon tsohuwar motar ba, sai allura ta zauna a tsakiya inji na dahuwa. In ruwa ya tsiyaye ma, ma'aunin ba ya cikin ruwa balle ya faɗi gaskiya.

Akwai wani kuskure da ya fi waɗannan ɓoyuwa. Fankar lantarki in aka juya wayoyinta biyu, baya take juyawa: maimakon ta jawo iska daga waje zuwa inji, sai ta tura ta gaba. A gareji ba a ganewa, fanka na juyawa, kowa ya gamsu. Sai an hau hanya, iskar da gudu ke kawowa ta yi karo da wadda fanka ke turawa, lagireto ya rasa duka biyun. Motar da ke lafiya a tsaye amma take tafasa in ta ɗauki gudu, a fara duba nan. Gwajin bai wuce a saki 'yar takarda ko leda a gaban lagireto ba: in fanka ta tsotse ta ta manne, daidai ne.

Sai kuma al'adar cire tamostat, wadda ta zama ruwan dare daga Tahoua har Kano, bisa hujjar cewa kayan ƙasar sanyi ne. A injinan Toyota da yawa tamostat na fara buɗewa a digiri 82, kuma aikinsa biyu ne: yana buɗe hanyar lagireto, yana kuma toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa a cikin injin kansa. In babu shi, wani kaso na ruwan zai riƙa bin gajeriyar hanyar ya dawo da zafinsa bai ga lagireto ba. Murfin lagireto ma ba murfi ne kawai ba. Matsin da yake riƙewa ne ke hana ruwan tafasa har sai ya kai wajen digiri 120. Wanda ya maye gurbinsa da tsumma ko murfin da robarsa ta mutu ya yar da wannan ratar.

Kilim: sanyi a ciki, zafi a gaba

Na'urar sanyaya mota, kilim a bakin mutanen Nijar, AC a Najeriya, ba ta halaka zafi, kwashe shi take yi daga ɗakin direba ta zubar a kwandensa. Kwandensa kuwa a gaban lagireto take zaune. Ke nan da an kunna kilim, iskar da za ta isa lagireto ta riga ta ɗumama. Motar da dama can da ƙyar take riƙe zafinta, kilim ce ke ƙarasa ta.

Shi ya sa kamfani bai bar kwamfireso ya yi gaban kansa ba. Kafin wuta ta kai ga maganaɗisun da ke kama shi, sai ta wuce masu gadi. Akwai makunnin matsi a bututun gas, wanda ke yanke wuta in gas ya yi ƙasa sosai, ko in matsi ya haura wajen ba 30. Wani irinsa mai waya huɗu har fanka yake kunnawa in matsi ya kai wajen ba 15. Akwai ma'auni a cikin akwatin sanyi da ke tsayar da kwamfireso kafin ƙanƙara ta toshe shi. Motoci da yawa kuma kan kashe kilim da kansu in ruwan inji ya yi zafi fiye da kima. A ƙarshe akwai saƙon da ake aika wa inji cewa ga nauyi nan tafe, ya ɗan ƙara wuta kada ya mutu a silo. A injin mai ƙwaƙwalwa waya ce ke kai saƙon, a tsohon gazuwal kuma wani ɗan bututun iska ne ke jan totur.

Duk waɗannan na aiki ne in ɗan akwatin da ke sarrafa kilim yana jin bugun injin. Tsohuwar mota ta saba karɓar wannan sigina daga tsohon injinta. An sa na fetur a gurbin na gazuwal, ko akasin haka, siginar ta ɓace ko ta canza, akwatin ya ɗauka inji a kashe yake, ya ƙi sakin wuta. Direba ya danna maɓalli, shiru.

Gano wace waya ce ta ɓata na buƙatar zanen wayarin motar da na injin, da mita, da haƙuri na yini guda. Jan waya ɗaya daga batir zuwa kwamfireso ta wani makunni kuwa minti goma ne, kuma nan take sanyi zai busa. Mai mota ya biya yana murna, bai san an sallami masu gadin nan duka ba.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Man da ke shafe cikin kwamfireso tare da gas yake zagayawa. In gas ya tsiyaye kuma ba mai tsayar da shi, zai yi ta juyawa a bushe har ya ƙame. A tsofaffin injina irin 5L, bel ɗin kilim daban yake, asarar ta tsaya nan. Amma a 2KD da 1KD bel ɗaya ne ke juya kwamfireso da altaneta da famfon ruwa. Ya ƙone ya tsinke, ruwa ya daina zagayawa, caji ya tsaya, duk a lokaci guda. In kuma matsi ne ya yi yawa saboda fanka ba ta tashi ba a tsaye cikin rana, bututu ne zai fashe.

Haɗa fanka da kilim ma na da tarkonsa. Ana so fankar ta tashi ta hanya biyu, in ruwa ya yi zafi ko in an kunna kilim. Wanda ya haɗa wayoyin biyu wuri ɗaya kai-tsaye, wuta za ta bi ta baya, duk lokacin da fanka ta tashi don zafi sai kwamfireso ma ya kama, wato a daidai lokacin da inji ke neman sauƙi a ƙara masa kaya. Maganin rile biyu ne, ko 'yar diyod da ke barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kawai. Sannan a yi lissafin caji. Tsofaffin altaneta ba su da yawan wuta, a silo kuma ba sa ba da cikakken ƙarfinsu. Fanka biyu, da mai busa sanyi, da fitilu da dare, sun isa su zuƙe batir ana cikin tafiya.

Gas ɗin ma sai an kula. Motocin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990 R12 suke amfani da shi, wanda aka daina ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin sama. R134a ya gaje shi, kuma man kowannensu daban ne. Kwamfireson da ya zo manne da sabon inji da tsofaffin bututun mota ba lallai su kasance 'yan zamani ɗaya ba. Gas ɗin firiji R600a kuwa yana kama wuta, ba shi da wurin zama a na'urar da ba don shi aka yi ta ba, balle kusa da wayar da aka murɗa da hannu.

Ba gyaran mota kaɗai ba ne

A cikin gari, mota in ta tafasa abin kunya ne da ɓata lokaci. A arewacin Tahoua lissafin daban ne. Rijiyoyi na da nisa da juna, waya ba ko'ina take kamawa ba, kuma an saka gundumomin Tillia da Tassara ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a watan Maris na 2017 saboda hare-haren 'yan bindiga. Babu direban da ke son magariba ta riske shi da bonet a buɗe a can. 'Yan Nijar ba su manta da watan Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92, galibi mata da yara, a hamadar arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Tebaram ba Sahara ba ce, amma a watan Mayu jarkar ruwa ɗaya tsakanin lagireto da fasinja goma sha biyar ba ta daɗewa.

Asarar kuɗin ma ba ƙarama ba ce. Inji in ya dahu sau ɗaya sosai, gasket ya ƙone, kan injin na iya lanƙwashewa ko ya tsage, kuma akwai injinan da suka yi suna a wannan, irin 2L mai turbo da 1KZ. Wanda ya tara kuɗin shekara a Abijan ya sayi inji zai iya rasa shi a tafiya ta uku, a ce masa injin ne dama ba shi da kyau.

Ɗan ci-ranin da ba ya nan yana da abin yi fiye da sauraron ƙarar inji a waya. Zai iya ware kuɗin wayarin tun farko, daban da na makanike. Zai iya cewa a nuna masa rile da fis a bidiyo, kuma fis ɗin ya zama na gaske, ba zaren tagulla ko takardar kwalin sigari da aka cusa a gurbinsa ba. A nuna masa inda aka ɗaure wayar mas a jikin ƙarfe mai tsabta da noti, ba a kan fenti ba. A nuna masa soket ɗin makunnin matsi a manne, ba a tsallake shi da guntuwar waya ba. A bi wayoyin da kyamara a ga ba su kwanta a kan salansa ba, kuma inda suka ratsa ƙarfe akwai roba.

Gwaji na ƙarshe a tsakar rana ake yin sa, ba da sanyin safiya ba. A bar motar tana aiki a tsaye, bonet a rufe, kilim a kunne, na rabin sa'a. Fanka ta tashi da kanta ba wanda ya taɓa komai, kwamfireso ya kama ya saki, inji kada ya yi rawa ko ya mutu. A kashe kilim a jira a ga fankar ta tsaya da kanta, ta kuma sake tashi in zafi ya dawo. Bayan kaka kuma, motar da ke ratsa daji sai a leƙa tsakanin kwandensa da lagireto, don nan ƙarangiya da 'ya'yan ciyawa da fara ke taruwa su zama tabarma, daga waje kuma ba a ganinsu sai an kwance an haska fitila.